Kofin da Muka Ci da Gwiwar Zulai

Na ga kun zo da sababbin usur a wuya, har da wadda ta sayo guda biyu, ko da ɗaya zai gaji. Madalla. Ku zauna a bencin nan, ku kife wayoyin. Ɗazu na ji ɗayarku tana cewa wannan ba wani aiki ba ne, yara biyar ne a kowane gefe, filin ma bai kai tsakar gidan mai gari ba. Gaskiyarki, 'yata. Babu aikin da ya kai shi sauƙi. Shi ya sa na yi furfura a kansa.

Sunana Hajara, amma daga nan har Shanono Malama Koci ake ce mini. Malamar firamare ce ni, kuma shekara da shekaru ina koya wa 'yan mata futsal, wadda mutanen garin nan suke kira ƙwallon daɓe, tunda a kan siminti ake buga ta. An turo ku daga Bici ku koyi aikin a hannuna, to bari ku ji yadda ni na koye shi.

Aikin farko da maigidana a sana'ar nan ya ba ni shi ne in tsayar da ƙwallo. Malam Ɗanlami ke nan, tsohon soja, wanda ya ga wasan a wata ƙasa da aka tura su aiki, ya dawo da shi a ka kamar ciwo. Ina karatun malanta a Bici na haɗu da shi. Ya gangaro mini da ƙwallo ya ce in taka ta da tafin ƙafa, ta tsaya cak. Na taka, ta zille, na zauna daɓas. Ya ce in sake. Zango guda ina taka ƙwallo, ƙawayena suna tambayata ko keken ɗinki nake koyon takawa.

Da na iya, sai ya karɓe usur ɗina ya sa a aljihu, ya zaunar da ni a gefe in kalli yara suna wasa, ban da magana. Da aka tashi ya ce, "Hajara, wace ce a cikinsu ba ta karya kumallo ba?"

Na ce, "Malam, ta yaya zan sani?"

"Wace ce takalminta ya matse ta?"

Na sake leƙa filin.

Ya ce, "To me kike kallo tun ɗazu?"

Na ce ƙwallo.

Ya ce, "Ƙwallo ba ta da matsala, ba ta neme ki ba. Yaran za ki kalla." Sannan ya nuna wata 'yar ficiciya da ke ɗaure igiyar takalmi. "Waccan shekararta tara. Ba ita kike yi wa aiki ba. Wata 'yar shekara sha bakwai kike yi wa aiki, mai irin sunanta, ba ta iso ba tukuna. Kada ki ɓata mata ƙafa kafin ta zo."

A lokacin na ɗauka surutun tsofaffin sojoji ne.

Ƙwallona ta farko da kaina na je Kano na nemo ta, na sha yawo kafin in samu. Ta fi ta fili ƙanƙanta, ta fi ta nauyi, in ka sake ta ƙasa ba ta tsalle sai ɗan kaɗan, don ta zauna a ƙafar yarinya. Da iskarta ta ragu na kai wa mai facin bakin tasha. Mutumin kirki ne. Ya jefa ta ƙasa, ya ga ba ta tashi ba, ya girgiza kai ya ce an cuce ni. Kafin in buɗe baki ya ɗura mata iska kamar tayar babur. Ya miƙo mini yana murmushi, ya ce yanzu ta warke. Ta warke kuwa, don a ranar ta fashe.

Sauran kayan aikin ba su da wuyar faɗa. Gwangwanin tumatir a cika shi da yashi, shi ne alamar da ake zagayawa. Raga kuma bututun ruwa ne mai walda ya haɗa mana, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, har yau da bulo muke tallafe ta. Takalmi kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa. Kowace shekara sai an sami uban da ya ji daɗi ya sayo wa 'yarsa mai ƙusoshi irin na 'yan talabijin, ta hau siminti da shi tana tafiya kamar akuya a kan kwano. Sutura dogon wando ne da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi na roba, wanda babu fil a jikinsa. Wadda ta taɓa cire fil daga haɓar yarinya bayan an yi karo ba za ta tambayi dalili ba.

Filinmu na farko daɓen shanya ne da ke bayan makaranta, wanda manoma suka yi don barkono. In sun kwashe, mu shiga. Kowa ya san lokacin da muke atisaye, domin daga masallacin Juma'a ana jin atishawarmu.

Yanzu masu kayan, wato iyaye. Kuna zaton yaran ne abokan cinikinku? Yara ba su da ta cewa. Wata rana na je roƙon wani uba a gonarsa, yana huɗar dawa, bai ma ɗago ba. Ya ce, "Malama, in ta buga ƙwallon, a wace kasuwa ake sayar da ita?" Wata uwa kuma ta ce ta yarda da zuciya ɗaya, muddin zan zo in yi surfe in ɗebo ruwa a madadin 'yar. Na je na yi surfen sau ɗaya, don ta ga da gaske nake. Ta duba turmin ta ce gara 'yarta. Amma ta bar ta.

Sai lokaci. 'Ya'yan Musulmi suna da Islamiyya da yamma, 'ya'yan Kirista na unguwar gabas suna da koyon waƙa a coci ranar Asabar, kowa kuma yana da gona. Da damina ciyawa, da kaka roron wake da cirar gyaɗa. Sai da na zauna da malamin Islamiyya da fasto, kowanne a zaurensa, ina shan ruwan da ban ji ƙishirwarsa ba, kafin a yanko mini ɗan lokaci tsakanin tashi daga makaranta da la'asar. Lokacin da rana take dafa simintin, wato. Ba wanda yake takara da ni a kansa.

Daga baya muka sami rufi. Alhaji Sabo, mai sayar da taki da iri, shugaban iyayen yara a makarantarmu, ya ba mu aron tsohon sitonsa. Ƙasa siminti, sama kwano, ga ƙofa da za a rufe, iyaye mata suka sami kwanciyar hankali. Na yi masa godiya har da durƙusawa. Ya ce ba komai, don Allah ya yi. Ya faɗa a masallaci cewa don Allah ya yi, ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a wurin suna.

A sitonsa na karɓi yara biyu a shekara ɗaya, Zulai da Rahila, dukansu 'yan shekara goma. Zulai ta riga sa'o'inta girma, tana tsaye a cikinsu kamar yayarsu. In ta saki ƙwallo da dama, mai tsaron raga kaucewa take yi, kuma ban ga laifinta ba. Rahila kuwa 'yar unguwar gabas ce, ƙarama, in an hura iska sai ta dafa bango. Ba ta da ƙarfin bugu ko kaɗan. Abu ɗaya na gani: kafin ƙwallo ta iso mata, sai ta waiga ta duba bayanta. Ba wanda ya koya mata.

To me na yi da Zulai? Na hana ta abin da ta iya. Na ce da hagu za ta riƙa wasa, kuma ba za ta buga raga ba sai ta ba wata ta dawo mata. Wata rana in sa ta baya, wata rana in sa ta tsaron raga. Ta tsane ni, tana kuka tana cewa, "Malama, ni fa zan iya cinye su ni kaɗai." Na ce na sani, bana za ki iya. Rahila kuma nake sa ta a kowane wasa, ana ture ta tana tashi.

Sakamakon wannan hikima tawa shi ne duk inda muka je sai an lallasa mu. Mun je Rimin Gado, aka yi mana cin da direban motarmu ma ya ƙi yi mana magana a hanyar dawowa.

Ana nan sai aka sanar da gasar makarantun yankinmu, har da kofi. Shekarar da nake kira mummunar shekara ke nan, ko da yake duk garin nan in kun tambaya za a ce muku ita ce mai kyau.

Alhaji ya aiko a kira ni shagonsa. Yana zaune a kan buhun taki, ya ce, "Malama Koci, ina da tambaya. Wai doka ce ta hana a ci wasa?"

Na ce, "A'a, Alhaji."

"To na ji kina da yarinya mai harbi kamar bindiga, kin sa ta gadin ƙofa. Kina da wata kamar tsinke, ita ce kullum a ciki."

Na ce, "Alhaji, yara ne. Ginin ƙafa nake yi. Ka ba ni shekara biyar ka gani."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Shekara biyar? Ko mangwaro na dasa ai ya isa in fara sha. Ni wata biyu nake da shi."

Ya ce kada in damu, ya samo mini mataimaki. Ɗan ƙanensa ne, Nazifi, wanda ya yi karatun ƙwallonsa kaf a gidan kallo na bakin kasuwa, a layin gaba. Ya san sunan kowane koci a Turai da irin motar da yake hawa. Mataimakin nawa ya zo ranar farko ya taimake ni da karɓe mabuɗin sito. Aka sa wata malama ta riƙa zama a gefe don hankalin iyaye. Nazifi ya jera yaran a bango, ya zaɓi dogaye, ya sallami sauran. Rahila ce ta farko da ya nuna wa ƙofa, ya ce ta je ta ci tuwo ta dawo.

Na kwashi waɗanda aka zubar, muka koma daɓen barkono.

Dabarar Nazifi ba ta da wuyar koyo, kalma uku ce: a ba Zulai. Mai tsaron raga ta jefa wa Zulai, Zulai ta ture wadda ke gabanta, ta buga da dama. Kuma ta yi aiki, kada ku ce na ɓoye. Suka cinye makarantar farko, suka cinye ta biyu. Garin ya ɗauka. Matan da suka ce ƙwallo iskanci ce suka fara guɗa. Atisaye ya koma safe da yamma, har da tsallen kwaɗo a kan siminti, don ya ga ana yi a waya.

Wata rana na hangi Zulai tana dawowa daga rijiya da bokiti a ka, tana jan ƙafar dama. Na tsayar da ita, muka shiga zauren gidansu, na taɓa ƙasan ƙoƙon gwiwar. Ya kumbura, da na danna sai da ta riƙe hannuna. Na san abin. Yarinya mai saurin tsawo, ƙashinta bai gama ƙwari ba, in aka matsa mata a ƙasa mai tauri haka yake yi. Maganinsa hutu ne, ba wani abu ba.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Ya kwana biyu. Koci ya ce in na yi zafi zai saki."

"Yana saki?"

"Yana saki, Malama. Sai an tashi yake dawowa."

Na sami mahaifiyarta, Inna Hanne, tana tankaɗe. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malama, na ji. Amma gonar da muke ci ta Alhaji ce, aro ya ba babanta. Ki faɗa mini da wane baki zan ce masa 'yata ba za ta buga ba."

Na tafi wurin Alhaji. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ma yana da ciwon gwiwa kuma ga shi yana zuwa kasuwa. Ya aika aka sayo man zafi babbar kwalba. Nazifi kuma ya ce hassada ce, duk manyan koci haka ake yi musu.

A Bici aka yi wasan ƙarshe. Na je, na biya kuɗin motata, na zauna cikin 'yan kallo. Zulai ta ci, ta sake ci, tana ɗingishi tsakanin ci da ci, an naɗe gwiwar da bandeji a ƙarƙashin wando har ta yi kamar tulu. Aka tashi, kofi ya zama namu. Hoton yana nan a shagon Alhaji. Shi ne a tsakiya rungume da kofin, Nazifi a damansa da baƙin tabarau. In kun duba can gefe za ku ga rabin fuskar Zulai, ta jingina da wata don ƙafar ba ta ɗaukarta.

A asibiti aka ce an bar abin ya yi nisa, sai ta ajiye wasa na dogon lokaci. Ta ajiye. Kafin ta dawo, abin da na sani zai faru ya faru: sa'o'inta sun kamo ta a tsawo. Yanzu in ta tura ba a faɗuwa. Kowace mai tsaron baya ta gane cewa in ka tare mata dama ka gama da ita, hagun ado ce. Ba ta iya karɓa ta juya ba, ba ta iya ba da ƙwallo ba, don ba wanda ya taɓa neman hakan a wurinta tun da na bar sito. Nazifi ya zaunar da ita a benci, ya ce ta lalace. Wata rana ba ta zo ba, kuma ba wanda ya je tambaya. Ba a jima ba shi ma ya sami Keke Napep a Kano, ya tafi da iliminsa. Kaka ta yi, Alhaji ya cika sito da masara.

Mu kuma muna daɓe muna atishawa. Ba zan ce muku duk yaran nan sun zama 'yan wasa ba. Wasu sun tafi sakandare ta kwana, wasu sun yi aure, wata ta ce ita kawai ta gaji, kuma hakkinta ne. Rahila ta zauna. Tuwon da aka ce ta ci bai ƙara mata wani tsawo ba, amma ƙafa biyu ta zama ɗaya a wurinta, kuma kafin ƙwallo ta iso ta riga ta san inda za ta aika ta. Tana da shekara sha shida wata ƙungiyar mata a Kano ta gan ta ta ɗauke ta, har da makaranta. Ranar da za ta tafi, Alhaji ya yi jawabi a tasha, ya ce tun tana ƙarama ya hango abin a jikinta.

Zulai kuwa ta koma taya Inna Hanne suyar awara a ƙofar gida. In na wuce sai ta sunkuyar da kai cikin kasko. Ban matsa mata ba. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo. Rannan ina jera gwangwanaye sai na ga inuwa doguwa a kan daɓe. Ita ce, da tsohon kambas a hannu.

Ta gaishe ni, ta ce, "Malama, ina so in fara."

Na ce, "Ki ci gaba dai. Manya sai jibi."

Ta ce, "A'a. In fara. Daga inda na ƙi."

Ta shiga layin 'yan shekara tara, budurwa 'yar sha bakwai, kansu bai wuce ƙugunta ba. Na gangara mata ƙwallo, ta taka da hagu, ta zille. Yaran suka kwashe da dariya. Wata mai gibi ta ce, "Yaya, ba haka ake yi ba, ɗaga yatsun za ki yi." Zulai ta ce, "To nuna mini." Ta nuna mata.

Gwiwar ba ta koma daidai ba, har yau in ta yi gudu mai yawa sai ta kwana tana gasa ta. Ba za ta buga wa kowace ƙungiya ba, ita ma ta sani. Amma ta iya hagun, ta iya dama, kuma ta fi ni ganin yarinyar da ke ɓoye ciwo. Yanzu ƙananan a hannunta suke.

Bara aka sake sanar da gasa. Sai ga Alhaji a bakin daɓe, da babbar riga, yana toshe hanci saboda barkono. Ya ce sito ya kusa zama fanko, in muna so. Yana magana idonsa yana kan wata yarinya 'yar shekara goma da ta fi sauran tsawo. Ya nuna ta da sanda ya ce, "Waccan fa? Na ga alamar kofi a jikinta."

Kafin in yi magana Zulai ta zo ta tsaya tsakaninsa da yarinyar. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta ce, "Alhaji, wancan kofin da muka kawo yana ina?"

Ya ce, "Yana shago mana."

"Na gan shi. Da shi yaronka yake auna irin wake. In wani kake so, ka ba ni shi in goge da toka in kawo maka, ba wanda zai gane. Wannan dai gwiwarta ba ta gama ƙwari ba."

Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce yaran zamani. Ya tattara rigarsa ya tafi. Kafin damina ta faɗi ya aika wa baban Zulai cewa yana buƙatar gonarsa.

Na je gidan in ba da haƙuri, don a filina aka yi maganar. Na sami tsohon a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Ya ce ya sami wata 'yar gona a hanyar Shanono, ta fi nisa, ba ta kai waccan ba. Na fara magana ya ɗaga mini hannu.

Ya ce, "Malama, wancan karon na yi shiru don gona, na ga abin da na girba. Bar shi ya riƙe abarsa, da ma rabinta tsakuwa ce." Ya leƙa cikin gida ya kira ƙanwar Zulai, 'yar shekara takwas, ya ce, "Ga wata. Ki ba yayarta ita. Ba na sauri."

To kun ji sauƙin aikin. Gobe za ku fara da ƙananan, a ƙarƙashin Zulai. Bana ba za ku ci komai ba, baɗi ma haka, kuma in an zo ɗaukar hoto wataƙila ku ne masu riƙe jakunkuna. Wadda ta ga ba za ta iya jira ba, motar Bici tana tashi bayan la'asar, kuma yawanci akwai wuri a gaba.